Ina Sauran Maganin Bilki?

Jawabin da Hajiya Kulu Mahuta, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya, ta yi a taron tunawa da marigayiya Malama Bilki, malamar lafiya, wanda abokan aikinta suka shirya a garin Zuru.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda rai da mutuwa ke hannunsa.

Wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki. Hakimai da dagatai, ranku ya daɗe. Shugabanninmu na hukuma da kuka baro ofisoshinku, sannunku da ƙoƙari. Malamanmu, limamai da fastoci, muna neman albarkar bakinku. Hajiya Ige, mahaifiyar marigayiya, sannu da haƙuri, 'yar'uwa. Ɗana Nasiruddeen, mijinta, da Khairat ɗiyarta da ke jingine da kakarta, Allah ya ƙara muku dangana. Abokan aiki masu fararen kaya, da jama'ar Zuru, da waɗanda suka taso daga Ribah da Bena da Mahuta, assalamu alaikum.

Waɗanda suka zaɓe ni in yi magana a madadinku sun san bakina, don da yawansu sun sha shi a ɗakin jinya tun suna ɗalibai. In daɗin baki suke so, da ba ni suka kira ba. Shekaruna sun wuce na neman ƙarin girma, fanshona kuma ba a hannun kowa a nan yake ba. Don haka ku gyara zama.

Akwai maganar da ke yawo a garin nan tun ranar da muka rufe Bilki. An yi ta a kasuwa, an yi ta a gidan suna, an yi ta a bakin famfo. Wai malamar da ta hana mu sakat da "a shanye magani, a shanye magani", ita da masassara ta kama ta, rabi ta sha. Wasu ma har da dariya. An bi ɗiyarta 'yar firamare da wagga magana har cikin aji, ta dawo gida da kuka. Mijinta ya daina zama majalisar ƙofar gidansu, don ya gaji da shirun da ake yi in ya iso. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ku ɗago, ban kama sunan kowa ba tukuna. Abin da ya kawo ni ke nan. Sunan yarinyar nan nake so a wanke kafin a naɗe tabarmin wanga taro, kuma ba zan wanke shi da ƙarya ba. Gaskiya ne, rabi ta sha. Ina tsaye a kanta ta faɗa da bakinta. Amma kafin mu zo nan, sai kun san wace ce ta sha rabin.

Bilki ta zo hannuna tana ɗaliba, siririya, ga tambayar tsiya. Sauran ɗalibai in ka ce musu wannan maganin masassara ne, sun rubuta sun wuce. Ita sai ta tsare ka: "Inna, yaya yake kashe ta? Ta ina yake shiga?" Wata rana na gaji na ce, ke, ni likita ce? Je ki tambayi littafi. Wallahi ta je. Bayan kwana biyu ta same ni ina cin tuwo, ta zauna tana yi mini bayani har miyata ta huce. Tun ranar na san Allah ya haɗa ni da aiki.

Ta kasance mai son ta fahimci abu har gindinsa. Ta kasance in ta fahimta, ba ta iya riƙe shi ita kaɗai, sai ta juye wa duk wanda ya tsaya, ko yana so ko ba ya so. Ta kasance ba ta raina mai sauraro. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, Bilki za ta durƙusa a gabanta ta yi mata bayani da Hausa, in Hausar ta ƙi shiga ta juya zuwa C'lela, yaren mutanen ƙasar nan, har sai tsohuwar ta gyaɗa kai.

Bari in maimaita muku abin da take faɗa, don na lura kunnuwanmu sun fi buɗewa in mai maganar ya mutu.

Takan ce sauro ɗan aike ne kawai. Abin da yake zubawa a jikinka wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani. Ta fara sauka a hanta ta hayayyafa, sannan ta fantsama cikin jini, ta shiga jajayen ƙwayoyinsa tana ci. Abin da take ci ɗin yana barin guba wadda ita kanta za ta iya kashe ta, don haka sai ta dunƙule gubar ta ajiye gefe. Tsohon maganinmu, kulorakwin, wannan mai ɗacin da ke sa wasunmu ƙaiƙayi, aikinsa ɗaya ne: ya hana ta dunƙulewa, ta mutu cikin ƙazantarta. Mu da muka yi aiki a zamanin da yake da ƙarfi mun ga abin mamaki. A kawo yaro ranga-ranga, a ba shi, jibi ya tashi yana neman kunu. Magani ne mai araha, mai albarka. Yau ina yake? Mun ga lokacin da aka fara dawo mana da yara bayan sun sha, jiki zafi rau kamar ba a ba su komai ba. Cikin ƙwayoyin cutar an sami masu iya tofar da maganin kafin ya yi aiki, su suka rayu, su suka cika duniya.

In aka tambaye ta yadda aka yi haka, sai ta juya ga manoma. Ta ce, "Baba, in za ka ajiye iri, wace zangarniya kake zaɓa?" A ce mata mai ƙarfi, wadda ta jure fari. Ta ce, "Tau, in ka sha rabin magani, iri ka zaɓar wa cuta. Ka kashe ragwayen, ka bar masu taurin kai. Sauro ya zo ya ɗebi masu taurin kan ya kai gidan maƙwabcinka. Shi ko ya shanye nasa, da jarumai zai yi faɗa."

Maganin da muke da shi yanzu, wannan mai ruwan ɗorawa, biyu ne aka haɗa a ƙwaya ɗaya. Na farkon, wanda ake samowa daga wani irin tazargade, mai zafin nama ne. Cikin yini guda ya kwantar da mafi yawan cutar, amma ba ya daɗewa a jiki, ya yi aikinsa ya fice. Na biyun shi ke zama a jini yana bin sauran da suka ɓuya. Shi ya sa ake sha safe da yamma har kwana uku, da ɗan nono ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Bilki takan ce kwana na farko noman fari ne, sauran kuma maimai. A ƙasar Zuru, inda saurayi ke shekaru yana golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai, wa zai yi noman fari ya rataye fartanya ya ce ya gama? Ko ɗiyar makaho ba za a ba shi ba. Amma jikinmu muna yi masa abin da ba mu yi wa gona.

Kuma ku ji inda abin ya fi ciwo. Ba don mugunta muke yi ba, don kirki muke yi. Mu mutane ne da ba mu iya cin abu mu kaɗai. In ka yanka kaza sai maƙwabci ya ga romo. In ka sayo goro sai ka ɓara. Sai muka ɗauki wagga kyakkyawar ɗabi'a muka kai ta inda ba ta da wuri. A ba uwa katin magani na ɗanta, ya sha na kwana ɗaya, zafi ya sauka, ya fita wasa. Sai ta ji ɗan maƙwabciya na kuka ta bayan danga. Ta kalli sauran katin, ta ce haba, ina da shi a ɗaki ɗan mutane na wahala? Ta ɓalle ta miƙa. A yi godiya, a sa albarka, zumunci ya ƙaru. Bayan mako biyu yara biyu a kwance maimakon ɗaya. Wanda bai ba maƙwabci ba kuma ya sa ragowar a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa, wai saboda gaba. Na rantse in aka buɗe kwallayen matan da ke zaune a nan, za a haɗa kemis guda.

Wannan ne yaƙin Bilki. Yaƙi da rowa mai sauƙi ne, kowa zai taya ka. Ita da kyauta take yaƙi, don haka ita ce ta zama marowaciya a bakinmu. Muka sa mata suna Malama Shanye. In ta ratso layi da jakarta, matasan majalisa su ce, "Ga Shanye nan, a ɓoye ragowa." Tana ji. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ku dai ku shanye, ku kira ni duk abin da kuka ga dama."

Ta kasance mai bin magani har gida. Ta kasance in ta ba ka kati yau, jibi sai ka gan ta a ƙofarka tana cewa a nuna mata fankon. Ta kasance ba ta jin kunyar babba a kan wannan. Akwai wani mai rawani, ba zan duba ɓangaren da yake zaune ba, da ta tarar ya raba katinsa da direbansa. A gaban fadawansa ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, in kana son direbanka, saya masa nasa." Ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta.

Ga Cletus can, mai kemis na bakin kasuwa, wanda ya shekara aru-aru a cikinmu har 'ya'yansa sun fi shi Hausa. Shi ya roƙe ni in faɗi wannan. Da can yana da almakashi ɗaure da zare a jikin kanta. Ka zo ka ce a yanka maka na gwargwadon ƙarfinka, ya yanka maka ƙwaya huɗu. Bilki ta yi ta zarya shagonsa. Ya ce mata, "Malama, in ni ban yanka ba, na gaba da ni zai yanka. Mutanenki ne ke so." Ta ce, "Na sani, Oga Cletus. Amma kai kana da 'ya'ya a garin nan, sauron da ya ciji mai rabin magani bai san gidan Inyamuri da na Bahaushe ba." Washegari ya tsinke zaren, ya kai wa matarsa almakashin ta riƙa yanka ganye. Me muka saka masa da shi? Muka watse masa. Muka koma wajen masu faranti a ka, masu ƙulla haɗi a leda, fari da ja da shuɗi, wanda ko mai sayarwar bai san sunansu ba. Cletus ya jure. Amma ya gaya mini tun bayan rasuwarta mutane sun dawo shagonsa da ƙarfinsu, suna cewa, "Oga, ɗauko almakashi, ai ita ma malamar rabi ta sha." Kun ji abin da muka yi da gawarta. Mun mai da ita hujja.

Tau, yanzu ku saurara.

Bara aka tura ta asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a bayan Ribah, hayin rafi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa suna nan, sun sha kuka ya ishe su. Wasu in an tura su irin wurin nan sai su fara zaryar neman a canza musu. Ita ta ɗaure katifa a bayan kabu-kabu ta tafi, Khairat ta zauna wajen kakarta saboda makaranta. A daminar bana tana da ciki, wata na biyar. Nasiruddeen ya ce ta dawo gida. Ni ma na ce ta dawo. Ta ce, "Inna, damina ce fa. In na tafi lokacin sauro, lokacin me zan zauna?"

Kun san yadda ruwa ya yi bana. Rafin nan ya kawo har ya shafe mashigi, wurin da ake ta zuwa da ma'auni shekara da shekaru ana cewa za a yi gada. Babur ba ya ƙetarewa, waya sai an hau tudu, in an hau ma sai an yi sa'a. Maganin da ke asibitin kuwa ya ƙare da wuri, don masassara ɗaya sau biyu ake karɓar mata magani: a karɓa, a raba, ta dawo, a sake zuwa. Ranar da Bilki ta ji jikinta ya yi zafi, ta huda yatsarta ta gwada jininta, ta ga cutar ce, kati ɗaya tak ya rage a cikin kabad, na manya. Ta fara sha yadda ya kamata, na safe da na yamma.

Daga nan labarin ya yanke mana, sai ƙarshensa muka gani. Bayan kamar mako uku aka shigo da ita asibiti a nan Zuru, da rana tsaka, ɗaure da zani a bayan Talle ɗan kabu-kabu, bayan maza sun ƙetaro da ita rafi a kan ƙyauren ɗaki. Idonta ya yi ɗorawa, tafin hannunta fari fat. Aka kira ni na zo. Likita ya sunkuya ya ce, "Malama Bilki, kin sha magani da ta fara kama ki?" Ta ce ta sha. Ya ce, "Kin shanye?" Ta ce, "Rabi na sha." Ɗakin cike da 'yan dubiyar wasu marasa lafiya, kowa ya kasa kunne. Na ce, "Bilki, ke?" Ta dube ni ta ce, "Inna, sauran bai ɓata ba." Ba ta ƙara wata magana mai ma'ana ba. Likitoci sun yi iya yinsu, an yi allura, an ƙara jini, amma an makara. Ɗan cikin ne ya riga tafiya, ita ta bi shi washegari. Kafin a yi mata wanka, "rabi na sha" ya riga ya isa kasuwa. "Sauran bai ɓata ba" kuwa ba wanda ya ɗauka, don ba shi da daɗin yayatawa.

Na yi makonni ina juya wagga kalma a raina. Sai ranar wata Laraba, ina shanya a tsakar gida, mata biyu suka yi sallama, kowace da goyo. Ɗaya sunanta Farida, ɗaya Glory, maƙwabtan juna ne a ƙauyen nan, danga ɗaya ta raba su. Suka zauna a ƙasa, na yi na yi su hau tabarma suka ƙi. Farida ce ta fara magana, Glory na share hawaye.

Ta ce kafin Malama ta kwanta, ɗanta Usama ya yi masassara, Malama ta ba ta katin yara ta ce a shanye. Ya sha na kwana ɗaya ya warware. Sai Divine, ɗiyar Glory, ta kama. Farida ta ce, "Hajiya, tare muke daka, tare muke zuwa rafi. Ranar da na haihu ita ta yanke cibi. In ce mata ina da magani ba zan ba ta ba?" Ta ɓalle ta ba ta. Da Malama ta zo duba fanko, suka nuna mata fanko, ta yi ta sa musu albarka.

Masassarar ta dawo wa yaran biyu a tare, kuma ta dawo da fushi. Suka ɗauke su sai ɗakin Malama, da hantsi, suka same ta kwance tana rawar sanyi, a rana ta biyu da fara nata maganin. Ta tashi ta gwada su. Ta tambaye su gaskiya, suka faɗa. Glory ta ce sun ɗauka za ta yi faɗa, don sun san ta. Ba ta yi ba. Ta ɗauko katin nata. Sannan ta ɓalle wa Usama nasa cikakke na kwana uku, daidai nauyinsa, ta ɓalle wa Divine nata cikakke. Abin da ya rage bai wuce sha ɗaya ba, ta haɗiye shi a gabansu. Ta ce, "Wannan ba za ku kai gida ba. Safe da yamma ku kawo su nan, ni zan ba su da hannuna." Haka aka yi. Tana kwance tana makyarkyata, tana lallashin 'ya'yan mutane su buɗe baki.

Glory ta ce mata, "Malama, ke fa?" Ta ce, "Ni babba ce, jikina zai riƙe kafin rafi ya janye in samo wani. Su ba za su kai ba." Ta kuma ce kada su gaya wa kowa, don in mazansu suka ji yadda aka yi, aurensu zai yi rawa.

Ta san abin da take yi. Duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya fi ta sanin abin da rabin magani ke bari a jini, kuma ta san mai ciki ba ta da ƙarfin da take faɗa. Ta ji sauƙi, ta tashi ta ci gaba da aiki tana jiran rafi. Rafi bai janye ba, ruwa ma ƙaruwa ya yi. Da cutar ta dawo, ta dawo mata gaba ɗaya, ta kayar da ita har ba ta gane mutane. Mutanen ƙauye suka ruɗe. Suna son ta, wallahi suna son ta. Suka bi gida gida, aka buɗe kwallaye, aka tattaro abin da aka ɓoye: ƙullin haɗi na masu faranti, da tsohon kulorakwin. Suka jiƙa suka ɗura mata, suka zauna suna jiran ya yi aiki. Kwana biyu suna jira. Maganin da ta shekara tana gaya mana cutar ta daina tsoronsa, shi aka ba ta, da hannun masoya. Sai da suka ga numfashi na sama sama sannan aka ciro ƙyaure.

Wannan shi ne rabin da kuke dariya a kai.

Farida, Glory, ku da kanku kuka ce in faɗa a gaban jama'a, kuka ce kun gaya wa mazanku, kome zai faru ya faru. Ku miƙe. Ku ɗaga yaran a gan su. Jama'a, ku juya ku duba, kada ku ji nauyi, ai kun iya kallo. Wancan mai jan hular Usama ne. Waccan da ke cin ƙuli-ƙuli Divine ce. Ku zauna, 'ya'yana. Kada wanda ya kuskura ya harare su. Abin da suka yi, wace ce a cikinmu ba ta taɓa yi ba? Su dai sun fi mu, sun tako da ƙafarsu sun faɗi gaskiya.

Hajiya Ige, kin haifa, kin yi tarbiyya. Ba ni da abin da zan ce miki da zai cike ɗakinki, ba zan ma gwada ba.

Nasiruddeen, ɗana, na san abin da ya fi cin ranka. Ba maganar mutane ba ce. Ka zo gidana ka tambaye ni, "Inna, ta san tana ɗauke da ɗana, don me za ta yi sakaci?" Yau ga amsar. Ba sakaci ta yi ba, lissafi ta yi, lissafin ya ci ta. Kana da ikon ka ji haushi, ni ma ina ji. Ina jin haushin rafi, ina jin haushin gadar da ba ta wuce ma'auni ba, ina jin haushin kwallayenmu, har ita kanta wani lokaci ina jin haushinta, don da ta ji maganarmu ta dawo gida da yanzu tana goyo. Amma kunya kam ba taka ba ce. Ka koma majalisarka ka zauna a tsakiya. Wanda ya kamata ya sunkuyar da kai ya san kansa.

Khairat, dube ni nan, 'yar albarka. In wata ta ƙara ce miki mamanki rabin magani ta sha, ki ce e, haka ne. In ta ce ina sauran, ki ce ɗaya sunansa Usama, ɗaya sunanta Divine.

Mu kuma da muka rage, na ji ana shawarar a sa sunanta a jikin wani ɗaki, a yi allo da fenti. A yi, ba laifi. Amma ita ba allo ta roƙe mu ba. Abu uku ta yi ta roƙo har muryarta ta dushe: a gwada jini kafin a sha, a shanye abin da aka bayar, in ana son maƙwabci a raka shi ya karɓi nasa. Maganin nan mai ruwan ɗorawa har yanzu yana aiki, alhamdu lillahi. Kulorakwin ma ai da can yana aiki. In muka zaɓar wa cuta iri har wannan ma ya bi sahu, ban san abin da za mu ba jikokinmu ba, kuma ban ji an ce akwai wani a ajiye yana jiranmu ba.

Da zan shigo ɗazu, na ga mai faranti ya kafa a bakin ƙofar nan, don ya ji ana taro. Ya jera ƙulle-ƙullensa a inuwa, har na ga mutum biyu a tsugune gabansa, da takardar wanga taro mai hoton Bilki a hannunsu. Ba zan sa a kore shi ba, ba shi ya kawo kansa ba, mu muka kira shi. Ƙofar fita ɗaya ce, duk ta gabansa za ku wuce. Ni ma can zan tsaya in yi muku sai an jima.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya taro, da shugabannin da suka zauna suka ji abin da ba shi suka zo ji ba. Ina godiya ga Talle da mazan da suka shiga ruwa har wuya da ita. Ina godiya ga Cletus, Allah ya sa almakashin nan ya tsufa a madafa. Wanda maganata ta ɓata wa rai, ya yi haƙuri, amma ban janye ba.

Ya Allah, ga baiwarka Bilki ta zo maka da abin da ke cikinta. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya mata makwanci fiye da yadda ta sanyaya jikin 'ya'yan mutane. Ka raya Khairat, ka dafa wa mijinta da mahaifiyarta. Ka raya Usama da Divine, ka yi musu tsawon rai mai amfani, don an biya shi da tsada. Mu kuma, ya Ubangiji, haƙuri muna da shi har ya yi mana yawa. Ka ba mu kunya.

Amin. Wassalamu alaikum.